Abinci ya ƙi wucewa: a sa wa Baba bututu ko a kai shi gashi?

Tambaya: Mahaifinmu yana da kansar maƙoshi. Likitoci sun ce ta yi nisa, aiki ba zai yiwu ba. Yanzu ko kunu da ƙyar yake wucewa. An ba mu zaɓi, ko a sa masa bututun raga da suke kira sitent, ko a kai shi gashi, wato a ƙona kansar da hasken na'ura. Kuɗin da muka harhaɗa ba zai yi duka biyun ba. Wanne za mu yi? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba Baba sauƙi, ku kuma ya saka muku da alheri. Malama, a wannan mataki babu wanda zai kawar da ciwon a cikin biyun. Aikinsu buɗe hanya ne ya samu ya ci ya sha.

Sitent wata ragar ƙarfe ce da ake zurawa ta baki a naɗe, da na'urar leƙa ciki. Idan ta kai inda ƙarin kansar ya toshe sai ta buɗe da kanta, ta danne shi gefe. Cikin kwana ɗaya ko biyu yawanci mutum yakan fara haɗiya. Amma tana zuwa da ciwon ƙirji a kwanakin farko, takan zame zuwa ciki, ƙarin yakan sake rufe bakinta, in kuma a ƙasa kusa da bakin ciki aka sa ta, ƙwannafi yakan dami mutum. Shi kuwa gashi ba ya gaggawa: sai an yi makonni ake ganin amfaninsa, wani lokaci ma haɗiyar takan ƙara wuya kafin ta yi sauƙi. Sai dai in ya karɓi mutum amfaninsa ya fi daɗewa. Wani bincike da aka yi a Holan aka wallafa a 2004 kan marasa lafiya 209 ya gwada sitent da gashin ciki na zama ɗaya, wanda ake tura hasken ta roba har kan ƙarin. Sitent ya fi saurin buɗe hanya, gashin ya fi ɗorewa kuma matsalolinsa sun fi ƙaranci.

To ki dubi Baba. In ya rame sosai, kwanciyarsa ta fi zamansa yawa, ko yawu ya fara gagarar sa, ni sitent zan ce, domin ba shi da makonnin jira. In har yana tashi da ƙafarsa, ruwa-ruwa na wucewa, gashi ya fi. Ki tambayi likitansa kai tsaye wane rukuni yake. Idan gashin ne, ki sa kuɗin mota da masauki a Zariya ko Abuja cikin lissafi, kuma a buga waya a ji yaushe za a samu layi kafin a ɗauko dattijo. In kuwa yana sarƙewa da tari duk lokacin da ya kurɓi ruwa, a gaya wa likita nan take. Ƙila ƙarin ya huda zuwa hanyar numfashi, wannan kuwa sitent mai rufi ne maganinsa.

Kada rashin kuɗin yin duka biyun ya dame ki. Binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2021 ya nuna ƙara gashi bayan an sa sitent bai ƙara wa haɗiya komai ba.

Tambaya: An sa wa yayata sitent. Wani mai kemis ya ce mu riƙa sayen garin gwangwani na masu jinya, ga shi da tsada. Dole ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Da kuɗin gwangwani biyu ko uku gara ka sayi bilenda mai ƙarfi da rariya. Kunun gyaɗa da madara, fura da nono da aka dama ta yi sumul, tuwo mai laushi da ya ji miyar kuka, kifi da aka tsince ƙayarsa aka niƙa, a ɗiga man gyaɗa ko man shanu don ƙarin ƙarfi. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Gwangwanin a bar shi sai ranar da ta kasa cin komai.

Abin da ke toshe bututun shi ne abin da ƴan dubiya suka fi kawowa: tsire, kilishi, balangu, burodi, gurasa, lemo mai zare. A karɓa a yi godiya, a ba yara. Ta ci a zaune, tana kurɓar ruwa tsakanin loma, kada ta kwanta da gama ci, a kuma ɗaga mata wajen kai da daddare. In loma ta maƙale ta tsaya, ta kurɓi ruwan ɗumi ko lemon kwalba mai gas, ta ɗan taka. In aka yi sa'o'i bai wuce ba, ko ta yi aman jini, asibiti za a nufa.

Magunguna kuma a nemi na ruwa. Kada a daka ƙwaya sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magani, musamman mofin (maganin rage zafin ciwo) mai aiki a hankali, domin in aka niƙa shi duk ƙarfinsa yakan shiga jiki lokaci guda.