Tambaya da Amsa: WiFi ɗina na mutuwa da na saka na'ura cikin ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Daura, ina haɗa firojet na auna zafin ruwan tafkin kifin yayana, tarwada yake kiwo. Na saka ESP32 (ɗan ƙaramin allon kwamfuta mai WiFi) da sensa da batir cikin roba na rufe ruf, a waje yana turo saƙo waya ta har daga mita 30, amma da na nutsa shi cikin ruwa sai shiru kamar an ɗauke wuta. Eriyar ce ba ta da ƙarfi ko in sayi LoRa, rediyon nan mai tura saƙo nesa? Kuma nisan mita nawa rediyo ke iya yi a ƙarƙashin ruwa? Nagode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi ma karatu albarka. Kar ka kashe ko sisi wajen canza eriya, kayanka lafiyarsu lau, ruwan ne ke shanye siginar. WiFi da Bluetooth na ESP32 duk a kan gigahaz 2.4 suke aiki, kuma kusan daidai nan ne injin ɗumama abinci na maikirowef yake, 2.45, wanda aikinshi kenan ya tura igiyar rediyo cikin ruwan da ke jikin abinci ta koma zafi. To ka ga abin da kake turowa ruwan tafkin ke lashewa tun bai je ko'ina ba, ɗani ɗaya in ka yi sa'a, wani lokacin ma bai kai haka ba. Sannan ga wata matsala da mutane ba su cika lura da ita ba, igiyar rediyo in ta shiga ruwa tsawonta na raguwa kusan sau 9, ita kuwa eriyar da ke jikin allon an yanka ta ne daidai da iska, in ruwa ya matso kusa da ita sai ta fita daga saiti gaba ɗaya.

Ƙa'idar dai ita ce, igiya mai dogon zango ta fi kutsawa da nisa cikin ruwa, kuma duk yadda adadin haz ya ragu haka zangon ke ƙara tsawo. LoRa mai megahaz 433 ya fi WiFi, amma kar kilomitocin da ake faɗa su ruɗe ka, wannan a sarari ne, cikin ruwa mara gishiri da ƙyar ya yi mita ɗaya ko biyu. Masu wasa da ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na rimot shi yasa har yau suke riƙe da tsofaffin rimot na megahaz 27 ko 40, su ma ƴan mitoci kaɗan suke samu a ruwan daɗi, a teku kuwa ko kusa, don ruwan gishiri ya fi ruwan rijiya ɗaukar lantarki sau ɗaruruwa. Kai kuma tafkin tarwada ne, ga kashin kifi ga ragowar abinci ga gishirin da masu kiwo kan zuba in kifi ya kamu da cuta, duk suna ƙara dagula lissafin.

Ko manyan ƙasashe ba su fi ƙarfin wannan ba wallahi. Jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku da kilohaz 3 zuwa 30 ake tura masu saƙo kuma sai sun taso kusa da sama kamar mita 10 zuwa 20 kafin su ji. Amurka ta taɓa gina tasha mai haz 76 kacal da eriya mai tsawon kilomitoci da yawa, haruffa ƙalilan ne ke isa a cikin mintoci, a 2004 ta rufe ta. Rasha na da tata mai haz 82.

Masu binciken teku sauti suke amfani da shi, don sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, a iska kuwa 343 ne, kuma yana iya yin kilomitoci. Sai dai na'urar tana da tsada sosai kuma a ƙaramin tafkin siminti amsa-kuwwa za ta dame ka. Haske shuɗi ko kore ma yana aiki amma sai ruwa garau, wanda ya ga dam ɗin Sabke ko Ajiwa da damina yadda ruwan ke komawa ja saboda laka ya san wannan ba tamu ba ce.

Shawarata, kuma ita zan yi in ni ne, ka bar rediyon a sama ka tura wayar sensa ƙasa. Ka samu jarka ƴar lita 4 ko gora irin ta masunta da za ta zauna a saman ruwa, ESP32 da batir 18650 da ɗan faifan sola su zauna a kai eriya na kallon sama, sai sensa kaɗai ya nutse. Akwai sensan zafi DS18B20 wanda ke zuwa a rufe cikin ɗan bututun ƙarfe da wayarshi, ka saka mashi resista 4.7k tsakanin wayar data da ta wuta, ka ɗaura ɗan dutse ya ja shi zurfin da kake so. In tafkin na jikin gida ma ba sai jarka ba, ka kafa akwatin a bango kawai. In kuma wata rana aikin ya girma ka je dam kana son zurfi sosai, ka haɗa da MAX485, wato ɗan allon da ke tura saƙo ta doguwar waya, irin layin da ake kira RS485 na kai saƙo har mita 1,200 a kan waya mai murɗe. Wanda ba ya buƙatar ganin sakamako nan take kuma sai ya saka memori kad a ciki ya riƙa ciro robar duk sati.

Abu biyu don Allah ka kiyaye. Inda waya ta huda roba nan ruwa ke shiga, ka cike wurin da gam mai haɗi biyu ciki da waje, ka jefa ƴar jakar silika irin ta kwalin takalmi saboda raɓar da zafin rana ke tarawa a ciki. Na biyu kar ka kuskura ka jawo wutar nefa ko ta janareta zuwa bakin tafki da sunan caji, yayanka da yara na saka hannu cikin ruwan nan kullum. In ka gama ka turo mana hoto da abin da sensan ya nuna da asuba lokacin hunturu, masu kiwo da yawa a Katsina za su so su gani.