Tambaya da Amsa: Laifin talabijin ne ko na faifai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da ƙaramar salla maigidana ya sayo sabon talabijin mai faɗi, ni kuma na saya wa yara faifan DVD a Babbar Kasuwa mai ɗauke da finafinan zane goma sha biyu, waɗanda suke kira desan anime. Sai ga shi hoton bai kai na tsohon akwatinmu kyau ba. Sararin sama yana fitowa layi-layi, kuma in ana gudu a cikin fim ɗin sai hoton ya farfashe. Magana ba ta fita sosai, amma da waƙa ta taso sai ta cika gida. Shin an cuce mu ne a talabijin ɗin?
Daga wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada maigida ya yi saurin mayar da talabijin wurin mai shago, domin duk alamun hoton da kika lissafa suna nuni ga faifan.

Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, kuma kamfanonin da ke fitar da fim na asali sukan ba fim guda duk wannan fili, wani lokaci ma su yi amfani da faifai mai hawa biyu wanda ke ɗaukar gigabait 8.5. Wanda ya cusa finafinai goma sha biyu a faifai irin na farko ya bar wa kowanne abin da bai kai megabait 400 ba, kuma ba shi da hanyar yin haka sai ya matse hoton, wato ya zubar da mafi yawan bayanan da ke cikinsa. Abin da aka zubar kuwa ba ya dawowa, ko da wace irin na'ura aka kunna shi.

Wannan matsi ya fi tona kansa a fim ɗin zane. A fim ɗin mutane akwai ƙura da ganyaye da saƙar tufafi da ke ɓoye aibu, amma mai zane yakan shimfiɗa launi ɗaya mai santsi, kamar shuɗin sama da ke tafiya a hankali daga mai duhu zuwa mai haske. In bayanai suka yi ƙaranci, wannan tafiya ta sannu sai ta kakkatse ta koma jere-jere kamar saƙar tabarma, abin da kika gani ke nan. Ki matsa kusa da allon ki dubi baƙin layin da ya zagaye fuskar kowane ɗan wasa, za ki ga wasu ɗige-ɗige suna rawa a gefensa kamar sauron damina. Wannan ma aikin matsi ne.

Dalilin da ya sa tsohon akwatin ya fi rufa asiri shi ne ƙanƙantarsa da taushin hotonsa. Hoton DVD irin na yankinmu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, alhali allo mai cikakken HD yana da 1920 da 1080, wato ninki biyar cif. Dole talabijin ya buɗa hoton don ya cika allo, sai ya buɗa har da aibun. In kuma mai faifan daga tsohon VCD ya kwafo, mai ɗigo 352 da 288, to an nemi kashi ɗaya ya cika gurbin kashi ashirin.

Batun sauti daban ne, kuma yana da magani. Ana haɗa sautin yawancin manyan finafinai ne a tsarin 5.1, lasifika biyar da ta shida mai fitar da rugugi, kuma kusan duk magana ana ajiye ta a lasifikar tsakiya. Talabijin yawanci ƙananan lasifika biyu gare shi, don haka in aka tattaro komai aka zuba musu, kiɗa yakan danne murya. Na sha ganin kaka riƙe da telekomand tana ƙara murya don ta ji abin da ake faɗa, sai ganga ta ɓarke, jinjirin da aka sha wahalar lallashi ya farka da kuka. Ki shiga saitin na'urar DVD ki zaɓi sitiriyo a maimakon 5.1, sannan ki kunna abin da aka rubuta DRC ko Mode nuit in akwai shi, domin yana rage ratar da ke tsakanin raɗa da tsawa.

Ga hoto kuwa, in har yanzu da wayar nan mai kai rawaya kuke haɗawa kuma na'urar tana da ramin HDMI, a sauya. A kuma mayar da saitin hoton talabijin kan Cinéma, a rage saitin kaifin hoto, saboda launi mai ƙyalli da ake sa wa talabijin a shago don jan hankalin mai saye yana ƙara fito da ɗige-ɗigen nan masu kama da sauro.

Ni dai a ganina fim biyu masu tsabta sun fi goma sha biyun nan amfani, tunda yaro fim ɗaya yake maimaitawa har ya haddace shi, kuma mutanen da suka shafe shekaru suna zana shi sun cancanci a ga aikinsu yadda suka yi shi. In za a tura miki fim a kile, wato filashin USB, kada rubutun HD a jikin sunansa ya ruɗe ki. Ki tambayi nauyinsa, domin fim na minti casa'in da bai wuce megabait 300 ba zai yi kyau a wayar hannu kawai. Don hankalin maigida ya kwanta, ku aro faifai na asali mai fim guda, ku sa shi a wannan talabijin ɗin, ku tsayar da hoton daidai inda sararin sama ya cika allo, ku kwatanta da na wancan faifan.