Na samu aikin da nika nema amma murnar ta gushe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matashi ne a Mabera nan Sakkwato, na daɗe ina fafutukar neman aiki bayan bautar ƙasa har Allah Ya sa nis samu, na sayi mashin na gyara ɗaki, amma wallahi murnar ko wata biyu ba ta yi ba sai na ji ni kamar yadda nike da. Abokaina sun ce wai butulci ne. Don Allah mi ka damuna?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kai dai kwantar da hankalinka, wanga abu ba butulci ba ne, haka Allah Ya yi ɗan Adam. Ka shiga ɗakin da aka sa turaren wuta, ƙamshi ya buge ka a bakin ƙofa, kafin ka gama gaisuwa hanci ya saba ka daina ji, alhali turaren na nan yana ci. To haka ƙwaƙwalwa ke yi da abin daɗi, in sabo ne sai ta saki sinadarai irin su dofamin ka ji kamar ka tashi sama, in ya zama na kullum sai ta mai da shi ba komai ba. A 1978 wani masani a Amurka, Philip Brickman, shi da abokan aikinshi sun bibiyi mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a caca, sai suka tarar ba su wani fi sauran mutane farin ciki ba, har ma ƙananan abubuwan yau da kullum sun rage yi musu daɗi.

Abin da ke daɗewa daban yake, shi ne yadda zuciyarka take a ranar da babu wani sabon labari, ka dawo aiki da zafin Sakkwato ka sha fura ka kwanta ba fargaba. Wannan gina shi ake yi, kuma yawanci da mutane. Jami'ar Harvard ta fara wani bincike tun 1938 tana bin rayuwar mutane har tsufansu, abin da ya fi fitowa fili shi ne masu kyakkyawar mu'amala da iyali da abokai sun fi samun natsuwa da lafiya. Mu kam ba baƙon zance ba ne gare mu, Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadatar zuci ce. Shi ya sa zan tambaye ka, tunda ka fara aikin nan yaushe rabonka da majalisa, ko ka je ka zauna wurin tsohuwa ba sauri kake ba? Da yawa aiki na zuwa zumunci na tafiya (waya kuma ta cinye sauran lokacin).

Amma fa ka lura, in abin ya wuce haka, ba barci ba cin abinci, ba abin da ke burge ka, har ya kai sati biyu ko fiye, to yana iya zama ciwon damuwa kuma yana da magani. Ka je ka ga likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kar ka tsaya jin kunyar me mutane za su ce.