Amsa ga malamin da ya tambayi albashin kansila da na ciyaman

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce kai malamin firamare ne a ƙasar Katagum, mutanen mazaɓarku sun matsa maka ka fito takarar kansila, kuma kana son sanin abin da kansila da ciyaman suke ɗauka a wata, da haƙƙoƙin da suke tare da kujerar, da kuma ko akwai fansho bayan an sauka. Na ga amsoshin da aka ba ka sun rabu biyu, wasu sun ce miliyoyi ake kwasa, wasu kuma sun ce wahala ce zalla. Ni na yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, takardun biyan waɗannan shugabanni sun sha bi ta teburina, saboda haka zan faɗa maka abin da na gani a rubuce da abin da na gani a aikace, domin ba ɗaya ba ne.

Ciyaman ba shi ne yake yanka wa kansa albashi ba, kuma ba shi yake yanka wa kansiloli ba. Hukumar RMAFC, wadda take tsara rabon arzikin ƙasa, ita ce take fitar da jadawalin albashin masu riƙe da muƙaman siyasa, sannan majalisar dokokin jiha da ma'aikatar ƙananan hukumomi su fitar da doka da takardar umarni da ma'aji zai yi aiki da su. Jadawalin da aka daɗe ana dogaro da shi na shekarar 2007 ne. A cikinsa tushen albashin ciyaman ya ɗan haura Naira 900,000 a shekara, wato wajen Naira 75,000 a wata, na mataimakinsa ya ɗan haura Naira 850,000, na kansila kuma wajen Naira 760,000 a shekara, wanda idan ka raba gida 12 zai ba ka wajen Naira 63,000. Ka tuna cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne, ka ga ke nan tushen albashin kansila a wancan jadawalin bai ko kai shi ba. Lokacin da aka rubuta waɗannan alƙaluma litar fetur ba ta kai Naira 100 ba.

Sai dai tushen albashi ba shi ne abin da yake shiga asusun mutum ba, kuma a nan ne masu cewa wahala ce zalla suke ɓoye rabin magana. Akwai alawus-alawus da ake lissafawa a kan kaso na tushen albashin, kamar na muhalli, da na mai da gyaran abin hawa, da na wuta da ruwa, da na karɓar baƙi, da na mataimaki na musamman, da na mazaɓa. A takardun da na riƙa gani, idan aka haɗa waɗannan sukan zarce tushen albashin kansa, ta yadda abin da kansila yake karɓa a ƙarshen wata ya fi na malamin firamare mai matsakaicin mataki. Amma bai kai abin da mutanen gari suke zato ba, ko kusa. Bambancin ciyaman da kansila kuma ba a albashi yake ba, tazarar da take tsakaninsu a takarda kaɗan ce. Bambancin yana cikin motar ofis da direba da mai, da gidan hukuma inda yake akwai, da kuɗin tafiyar da ofis, da alawus na tafiye-tafiye, domin ciyaman kullum yana kan hanyar Bauchi wajen taro, shi kuwa kansila sai a yi watanni ba a tura shi ko'ina ba. Da yawa daga kansilolin da na sani a kan babur suka shiga ofis, a kan babur suka fita.

Abin da ya fi jan hankalin masu neman kujerar shi ne kuɗaɗen da ake biya sau ɗaya, wato kuɗin kayan ɗaki a farkon wa'adi, da kuɗin sallama a ƙarshensa. A tsarin RMAFC, kowannensu yakan kai ninki uku na tushen albashin shekara, wanda ga kansila ya haura Naira miliyan 2. Akwai kuma rancen mota, wanda mutane suke ɗauka kyauta ce alhali bashi ne da ake cirewa daga albashi. Game da fansho, amsar a taƙaice ita ce babu. Kansila ba ma'aikaci ba ne, ba ya cikin jerin waɗanda hukumar fansho take biya duk wata, kuɗin sallaman nan shi ke nan abin da zai samu. Shi ma ɗin yana da sharaɗi, sai wanda ya kammala wa'adinsa lafiya, kuma samun haƙƙi a takarda daban, ganinsa a hannu daban. A jihohi da dama tsofaffin kansiloli sun kafa ƙungiyoyi ba don komai ba sai don bin wannan kuɗi, ana biyan su gutsure-gutsure bayan shekaru, lokacin da darajar Naira ta riga ta zaizaye shi. Na san waɗanda suka rasu magadansu ne suka ci gaba da zirga-zirga da fayil.

Dalilin wannan jinkiri yana komawa ga hanyar da kuɗin yake bi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, da kashi 35 na harajin VAT. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kason yake biyowa. Kafin ya iso hannun ma'aji an riga an cire albashin malaman firamare, wanda kai kanka daga nan ake biyanka, da na ma'aikatan lafiya a matakin farko, da kuɗin fansho, da kason masarautu, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ake biyan sauran ma'aikata da shi, kuma a watan da kason ya yi ƙasa, kuɗin kayan ɗakin kansila da kuɗin sallamar wanda ya riga ya sauka su ne na farko da ake cewa a dakata da su, saboda tsohon kansila ba ya yajin aiki. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura kason kai tsaye ga ƙananan hukumomi, kuma ta haramta ba wa shugabannin riƙon ƙwarya kuɗin. Hukuncin yana da muhimmanci ga mai neman kujera, domin ya rage fargabar a wayi gari a rusa majalisa a naɗa kantoma. Kada ka manta cewa a jihar nan ta Bauchi tsakanin 2008 da 2020 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, sai a watan Oktoban 2020 aka zaɓi ciyamomi 20 da kansiloli 323, aka sake wani a watan Agustan 2024. Duk da haka ni ba zan gina lissafin rayuwata a kan hukuncin ba, sai na ga ma'aji yana karɓar kasonsa cikakke wata bayan wata.

Yanzu bari mu zo ɓangaren da babu jadawalin da ya rubuta shi, kuma shi ne ya fi cin mutane. Kansila shi ne ɗan siyasar da ya fi kowa kusa da jama'a, gidansa a cikin unguwa yake, kowa ya san ƙofarsa, kowa ya san masallacin da yake salla. Ɗan majalisar tarayya yana Abuja, na jiha yana Bauchi, ciyaman yana da masu gadi a bakin ƙofa, shi kuwa kansila daga fitowarsa sallar asuba zai tarar da mutane a zaure. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu, wani ɗansa zai biya kuɗin jarrabawa, matasa suna son riguna da ƙwallo, famfon unguwa ya lalace, taransifoma ta ƙone an ce a yi karo-karo kuma sunansa ne a farkon takarda. Ga azumi, ga goron salla, ga gaisuwar rasuwa wadda ba a zuwa hannu sake. Babu ɗayan waɗannan da doka ta ɗora masa, aikinsa a doka shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ɓangaren zartarwa. Amma ranar da ya ce babu, ranar za a ce ya samu wuri ya manta da mutane, kuma ba za a yarda cewa abin da yake ɗauka bai kai abin da ake zato ba. Mun sha ganin kansila ya zo ofishinmu tun tsakiyar wata yana neman a sa masa hannu a takardar rancen banki a kan albashinsa, har ya kai ga a ƙarshen wa'adi abin da yake shiga asusunsa bai kai rabin abin da aka rubuta masa ba.

Kafin a kai ga wannan ma akwai kuɗin shiga. Za ka sayi fom na jam'iyya, za ka ga shugabannin mazaɓa da dattawa, za ka buga fosta, za ka ciyar da masu rakiya, za ka sallami wakilanka na akwatuna ranar zaɓe. Mutanen da suke cewa ka fito su ne za su yi komai, da niyya mai kyau suke faɗa, amma sai ka tambaye su a zaune wane ne zai ɗauki wane nauyi. Yawancin kuɗin kayan ɗakin da na ga an biya, masu bin bashin kamfe ne suka raba shi.

Za ka ce to ina ciyamomin da ake gani da manyan gidaje suke samu. Wasu da arzikinsu suka shigo, 'yan kasuwa ne ko manoma tun asali. Wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, ba daga albashi ba ne, domin albashin ciyaman na wa'adi guda ko bai ci ko sisi ba ba zai gina irin waɗannan gidaje ba. Yana fitowa daga kwangiloli da kuɗin gudanarwa da kuɗin shiga na kasuwanni da tashoshi da ba a kai asusu yadda ya kamata. Wannan hanya tana da farashinta. A 2019 hukumar NFIU, mai sa ido a kan zirga-zirgar kuɗi, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa Naira 500,000 a rana, kuma ciyaman ba shi da rigar kariya irin ta gwamna, EFCC da ICPC suna iya gayyatarsa yana kan kujera. Kansila ma, da zarar an rantsar da shi, ya shiga cikin waɗanda dokar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu, dole ya cike takardar bayyana kadarorinsa a shiga da kuma a fita, kuma dokar ba ta yarda mai riƙe da muƙami na cikakken lokaci ya gudanar da kasuwanci ba in ban da noma.

Abin da ya fi damuna a lamarinka, Malam, shi ne aikin da yake hannunka. Ma'aikacin gwamnati ba ya tsayawa takara yana kan aiki, sai ya ajiye, kuma kada ka dogara da maganar baki cewa za a ba ka hutu ka dawo bayan ka sauka, domin wanda ya yi maka alkawarin wataƙila ba ya nan a lokacin. Koyarwa albashinta kaɗan ne, amma tana tafiya da kai har ritaya, da ƙarin girma, da giratuti, da fansho. Kujerar kansila kuwa wa'adinta majalisar dokokin jiha ce take yanke shi, a yawancin jihohi shekara biyu ne ko uku, kuma tazarce ba a hannunka yake ba, yana hannun jam'iyya, sau da yawa ma akwai yarjejeniyar karɓa-karɓa tsakanin ƙauyukan mazaɓa. Idan shekarunka na aiki sun yi nisa har kana iya yin ritaya da haƙƙinka cikakke, ko kana da gona da dabbobi da za su riƙe gidanka ba tare da albashi ba, to fitowarka ba laifi, kuma majalisun nan suna buƙatar mutanen da za su iya karanta kasafin kuɗi su gane inda aka yi coge, abin da malami ya fi da yawa iyawa. Idan kuwa ba ka daɗe da kama aiki ba kuma albashin nan ne kaɗai abincin iyalinka, shawarata ka bar wannan zagayen ya wuce.

Kafin ka ba mutanenka amsa, ka je sakatariya ka nemi ma'aji ko jami'in ma'aikata ya nuna maka takardar umarnin da ake biyan kansiloli da ita a yanzu, domin jiha tana iya yin gyara a kan alƙaluman da na kawo, kuma ba sirri ba ce. Ka je hukumar fanshon ƙananan hukumomi a lissafa maka abin da za ka samu da abin da za ka rasa idan ka ajiye aiki a bana. Sannan ka nemi tsohon kansilan mazaɓarku, ba mai ci ba, ka tambaye shi ko an biya shi kuɗin sallamarsa, da yaushe aka biya, da kuma nawa ya rage a hannunsa bayan ya sallami masu binsa bashi. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.