Tambaya da Amsa: Shin Bai Wa Mara Lafiya Mofin Kisa Ne?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana fama da ciwon dajin mafitsara wanda ya riga ya bazu zuwa ƙashi, ba ya barci saboda zafin ciwo. An rubuta masa mofin, wato maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, amma kawunmu ya hana a ba shi, ya ce da shi Turawa ke ƙarasa marasa lafiya. Shin idan muka ba shi, mun shiga haƙƙinsa?

Amsa: Allah ya ba Baba sauƙi, ya kuma saka muku da alheri bisa wannan jinya. Abin da kawunku ya ji yana da tushe, sai dai ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Gaskiya ne cewa tun 2002 Holand da Beljiyam suka halatta wa likita ya kawo ƙarshen rayuwar mara lafiya da ya nemi hakan, Kanada ta bi sahu a 2016, kuma a 2021 ta faɗaɗa dokar har ta haɗa da waɗanda mutuwarsu ba ta gabato ba. Wannan faɗaɗawar ce ta sa ni kaina ba na goyon bayan irin waɗannan dokoki, domin a inda jinya ke cinye dukiyar gida, tsoho zai iya neman mutuwa don kawai ya sauƙaƙa wa 'ya'yansa. A Najeriya kuwa hakan laifi ne a doka, kuma addininmu ya haramta.

Amma mofin ba ya cikin wannan lissafi, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau, domin kusan kullum sai na yi wannan bayani a bakin gadon wani. A Holand ɗin ma, ƙa'idojin likitoci sun ce kada a yi amfani da mofin wajen wannan aiki, saboda ba abin dogaro ba ne wajen kashe mutum. Wasu magunguna daban suke amfani da su. Mofin da muke bayarwa na sha ne, ana farawa da kaɗan, a maimaita duk bayan awa huɗu, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali gwargwadon ciwon. Idan aka bi wannan tsari, jiki yana sabawa, kuma numfashi ba ya tsayawa. Abin da za ku gani shi ne gyangyaɗi a kwanakin farko, wani lokaci tashin zuciya, da kuma taurin bayan gida, wanda shi ne ba ya gushewa sai an haɗa da maganinsa.

To daga ina jita-jitar ta samo asali? Daga jinkirinmu ne. Dangi suna ƙin maganin wata da watanni, suna yawo da mara lafiya wurin masu sayar da jarkar ruwan ganye da ke rantsuwa za su narkar da daji cikin mako biyu, sai ranar da ya fara fita hayyacinsa a kawo shi asibiti. A ba shi mofin ya samu natsuwa, ajali ya zo washegari, sai a koma zaman makoki ana raɗa cewa allura ce ta tafi da shi. Ba wanda ke tambayar mai jarkar komai. Hukuma ma ba ta taimaka ba, domin tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, wasu ma'aikatan lafiya suna kallon duk wani maganin ciwo mai ƙarfi kamar kayan laifi, ga takardu barkatai kafin a fitar da kwalba ɗaya. Yuganda kuwa tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya da aka horar damar rubuta mofin, kuma suna kai shi har ƙauyuka.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance nufin kashe rai da nufin sauƙaƙa raɗaɗi, kuma babu inda aka ce haƙuri da jarrabawa yana nufin a bar dattijo yana nishi dare da rana har ya kasa yin salla da salati. Ki roƙi Kawu cikin ladabi ya raka ku wurin likitan da ya rubuta maganin, ya yi duk tambayar da ke ransa da bakinsa. Kafin nan, ku tambayi Baba shi kansa abin da yake so, domin shi ne mai ciwon, kuma kada ku baro asibiti ba tare da maganin taurin bayan gida ba.