Amsa: Me ya sa alminiyon ke ɓarewa daga jikin roba?

Ɗan'uwa, ka ce ka shafa siririn alminiyo a kan farar roba mai kamar gilashi don yin madubi, amma da ka manna salatif ka ɗaye sai ƙarfen ya biyo shi. Ni dai ina zargin danshi. Roba, musamman akirilik da folikabonet, tana shan ruwa daga iska a ɓoye. Da an zuƙe iskar cikin injin da ake narkar da ƙarfen don yin shafin, sai tururin ruwan ya riƙa fitowa, ƙarfen ya zauna a kansa maimakon jikin robar. Ka wanke ta da sabulu mai laushi, ka busar da ita a tanda na wasu awanni kafin ka saka ta a injin. Amma a hankali da wuta: akirilik na fara laushi wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyas, folikabonet kuwa sai wajen 147.

Kada ka kusanto da asiton (sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi), zai ci fuskar robar ta yi hazo. Yatsa ma kar ya taɓa ta, domin ko ɗan maiƙon hannu sai ya fito ɓaro-ɓaro bayan shafi.

Batun kauri, nanomita 100 na alminiyo ya isa madubi (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Idan kuma so kake haske ya ratsa rabi, sai ka sauko wajen nanomita 10 ko ƙasa. In zinari ne, shi ba ya kama roba da kyau, sai an fara shimfiɗa kuromiyam ko titaniyam na nanomita biyu zuwa biyar. Ka kuma nesanta robar daga inda ƙarfen ke narkewa, zafin da ke tasowa kaɗai kan lanƙwasa ta.