Tsohuwar laftof ɗina ta yi nauyi, in sa mata Windows 10?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa. Ina da laftof Dell Latitude D630 da na saya ta hannu, RAM ɗinta giga 2, Windows 7 ce a kanta. Da ita nake buga takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Yanzu idan na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Wani mai gyara ya ce in kawo ya sa mata Windows 10. In kai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka kai. Wannan ƙirar ta 2007 ce. Windows 10 za ta hau kanta, amma za ta lashe mafi yawan giga 2 ɗin na RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, tun kafin ka buɗe Word, ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ba ma wani tsaro za ka samu ba, domin Microsoft ta janye tallafin da ta saba ba Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Fara da abin da ba zai ci maka ko sisi ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msconfig, ka shiga Startup. Duk abin da ka gani da alama a gefensa yana tashi ne tare da kwamfutar, ko ka kira shi ko ba ka kira ba. A kwamfutocin hannu nakan tarar da manhajoji fiye da goma a nan, yawancinsu na mai ita na farko. Cire alamar duka, ka bar na rigakafin bairos da na sauti da na wurin shafa yatsa mai motsa kibiya. Daga nan ka danna Computer da maɓallin dama, ka bi Properties, Advanced system settings, Settings na ƙarƙashin Performance, ka zaɓi Adjust for best performance. Ƙyalƙyalin gilashin nan na Windows 7 zai tafi, fuskarta ta koma irin ta da, amma tagogi za su riƙa buɗewa nan take.

Sai abin da kusan kowa ke mantawa da shi a ƙasarmu: ƙura. Kwamfutar da ta sha hunturu biyar ko shida ba a buɗe ta ba, ƙura kan toshe ramin fankarta kamar an cusa auduga. Idan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kai kuma ka zaci tsufa ne. Sa hannu a gefen da iska ke fita. In zafi kake ji ba iska, ka kai wa mai gyaran ya share fankar ya sake shafa man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta. Wannan ne aikin da ya kamata ka biya shi, ba sauya Windows ba. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma.

In da ɗan kuɗi a hannu, abu biyu za ka saya. Na farko SSD, wato sabon irin faifan ajiya, mai bakin SATA, ko giga 120 ce ta ishe ka. Tsohon faifan da ke ciki juyawa yake yi, allura na neman bayani a kansa, ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. A ganina babu gyaran da ya kai wannan tasiri ga tsohuwar kwamfuta. Na biyu RAM: taka DDR2 take ɗauka, DDR3 ba za ta shiga ramin ba, don haka ka tafi kasuwa da laftof ɗin a gwada a gabanka. Ka kai ta giga 4. Sai dai idan Windows ɗinka mai bit 32 ce, giga 3 da ɗan ɗoriya kawai za ta gani, kada ka ce an cuce ka.

Kafin a taɓa komai, kwafe sakamakon yaran nan a filashi. Faifan da ya fara jan ƙafa haka yakan mutu ba sallama.

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Maraɗi, kwamfutata ma Windows 7 ce. Na sa mata rigakafin bairos biyu da wata manhajar ƙara gudu, amma sai ƙara nauyi take. Kuma Chrome ya daina sabuntuwa.

Amsa: Hajiya, maganin ne ya zame miki ciwo. Rigakafi biyu kowane yana binciken abin da ɗayan ya taɓa, RAM ta ƙare a tsakaninsu. Ki cire ɗaya, ki goge manhajar ƙara gudun, abin da take yi Disk Cleanup na cikin Windows yana yi kyauta.

Batun Chrome kuwa ba laifinki ba ne, ya tsaya a lamba 109 ga masu Windows 7 tun farkon 2023. Ita kanta Windows 7 an daina toshe mata ɓaraka tun 14 ga Janairu 2020. Wannan ya fi damuna da nauyin, domin a shagonki filashin mutane ke shiga da fita duk yini. Ki shiga Control Panel ki kashe AutoPlay, wato abin da ke buɗe filashi da kansa da zarar an soka shi, kada ki buɗe filashin kowa sai rigakafin ya bincika shi. Ki bar wannan kwamfutar ga bugu da firinta, harkar banki da imel kuma ki riƙa yin su a wayarki.